Yadda ake share ragowar tsohuwar manhaja bayan kwamfuta ta sabunta kanta

Jiya da daddare kwamfutarka ta nemi ka bar ta ta sabunta kanta, ka bar ta a kunne ka je ka kwanta. Da safe komai ya tashi lafiya, sai dai da ka buɗe This PC ka tarar layin da ke nuna cikar diskin C ya rikiɗe ya koma ja. Gigabait 20 ko fiye sun yi ɓatan dabo, alhali ko fim ɗaya ba ka sauke ba. Kada hankalinka ya tashi, ba cuta ce ta shiga ba. Kafin sabuwar manhaja ta zauna, kwamfutar tattare tsohuwar take yi ta ajiye a gefe, domin in sabuwar ta zo da matsala a sami inda za a koma.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, waɗannan fayiloli ba shara ba ne tukuna. Hanyarka ce ta komawa baya. Ranar da ka share su, ka toshe wannan hanya, kuma ba a sake buɗe ta. Share su abu ne mai kyau, ni ma ina yi, amma sai an tabbatar ba a bukatarsu, kuma da kayan aikin da manhajar ta tanada domin haka.

Me aka ajiye, kuma a ina?

A Windows, babbar ajiyar ita ce folda mai suna Windows.old, tana zaune a bakin diskin C. A cikinta akwai tsohuwar foldar Windows, da Program Files, da Users. Ba kowace sabuntawa ce ke haifar da ita ba. Ƙananan gyare-gyaren da Microsoft ke turowa a Talata ta biyu ta kowane wata ba sa yin ta. Sai an yi babban sauyi, kamar tashi daga Windows 10 zuwa Windows 11, wanda mutane da yawa suka yi da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ko kuma hawa zubin 24H2 na Windows 11, wanda ya musanya manhajar gaba ɗayanta. Wanda ya tashi daga 22H2 zuwa 23H2 ta ƙaramin kunshin da ke kunna sababbin abubuwa kawai, zai iya duba C bai ga komai ba, kuma daidai ne.

Tare da ita akwai wasu foldoji ɓoyayyu, irin su $WINDOWS.~BT da $WINDOWS.~WS, inda kayan girka sabuwar manhajar suka zauna lokacin aikin. Ba za ka gan su ba sai ka kunna Hidden items a File Explorer.

Windows tana riƙe Windows.old kwana 10, daga nan ta share ta da kanta. A farkon Windows 10 wata guda ake bayarwa, a 2016 aka rage. Ke nan in diskinka yana da sarari, hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙyale ta, lokacinta na cika za ta tafi. Jagorar nan ta fi amfanar wanda diskinsa ƙarami ne, kamar mai gigabait 128, wanda kwamfutarsa ta fara nauyi tana ƙorafin rashin wuri, da wanda kwana goman suka wuce amma foldar ta ƙi tafiya.

Kafin ka taɓa komai, gwada sabuwar

A nan ne aka fi yin garaje. Mutum ya ga allo ya kawo, burauza ta buɗe, sai ya ɗauka an gama. Matsalolin sabuntawa ba a ranar farko suke fitowa ba, sai ranar da ka ɗauko abin da ba kullum kake amfani da shi ba. Saboda haka ka ba kanka kwana uku ko huɗu kana aiki yadda ka saba, kuma da gangan ka gwada abubuwan nan: ka buga takarda ɗaya a firinta, ka kunna kyamara da makirufo, ka haɗa abin sauraro na Bluetooth, ka rufe murfin kwamfutar ka buɗe ka ga ko tana farkawa, ka lura ko batir yana zuƙewa fiye da da. Ka buɗe tsohuwar manhajar nan da aikinka ya dogara a kanta, ta lissafi ce ko ta zane, ka ga ko lasisinta yana nan. Direbobin firinta da na sauti da na allo, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa waɗannan na'urori da Windows, su ne suka fi saɓawa da sabon zubi.

In ka ga abin da ba za ka iya zama da shi ba, to ranar amfanin Windows.old ta zo. A Windows 11 ka shiga Settings, sai System, sai Recovery, ka danna Go back. A Windows 10 yana ƙarƙashin Update & Security, sai Recovery. In ka riga ka share foldar, maɓallin zai dushe, ba ya dannuwa.

Wanda kwana goma suka yi masa kaɗan zai iya ƙarawa, muddin ba su riga sun cika ba. Ka nemo Command Prompt, ka danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Run as administrator, ka rubuta:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:30

Lambar ƙarshe ita ce yawan kwanakin, kuma ana iya kai ta har 60. Ni kan yi haka a duk kwamfutar da ake neman abinci da ita, in dai diskin zai ɗauka.

Sai abu na biyu, wanda ya fi na farkon muhimmanci: ka leƙa cikin Windows.old da idonka. Na taɓa sake girka wa ƙanwata Windows a kwamfutarta bayan ta ƙi tashi. Ban goge diskin ba, na ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Da aka gama, na buɗe kayan shara, na sa alama a kan tsohuwar manhaja, yatsana yana kan linzami, sai ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Yaya, ina aikina na makaranta? Allon babu komai." Gabana ya faɗi. Na janye hannu, na shiga C, na buɗe Windows.old, na shiga Users, na buɗe foldar da ke ɗauke da sunanta. Ga Documents, ga Desktop, ga hotunanta na shekaru, duka suna nan, kuma ba su da kwafi a ko'ina. Da na danna OK, da shi ke nan.

Dalili kuwa shi ne, in sabuntawa ce ta yau da kullum, Windows tana kwashe fayilolinka ta kai su sabon wuri, abin da ya rage a Windows.old ɗan kaɗan ne. Amma in an yi sabon girki ba tare da an goge diskin ba, to duk kayanka a can suke. Ka duba Desktop, Documents, Pictures, Downloads. Ka kunna Hidden items ka leƙa AppData, domin a nan burauza ke ajiye shafukan da ka adana, a nan wasu manhajojin wasiƙu ke ajiye saƙonni, wasanni ma a nan suke ajiye inda ka tsaya. Duk abin da ka ga babu shi a sabon wuri, ka kwafe shi zuwa filash ko wani diski na waje. Kada ka jinkirta wannan, tunda agogon kwana goman nan yana tafiya ko ka duba ko ba ka duba ba.

Sharewar kanta

Ka haɗa caji, ka rufe ayyukan da ka buɗe, ka kuma tabbata babu wata sabuntawa da ke jiran a sake kunna kwamfuta. In akwai, ka fara sake kunnawa.

Ka shiga Settings, sai System, sai Storage, ka danna Temporary files. Ka ɗan jira, domin sai ta ƙirga kafin jerin ya cika. Za ka ga layuka, kowanne da girmansa a gefe. Wanda muke nema shi ne Previous Windows installation(s). Ka sa masa alama. Kana iya haɗawa da Windows Update Cleanup, da Temporary Windows installation files, da Windows upgrade log files, da Delivery Optimization Files in sun fito. Na ƙarshen nan ragowar sabuntawa ne da Windows ke riƙewa don ta raba wa wasu kwamfutoci, ba ka asarar komai in sun tafi.

A tsaya a nan. A cikin jerin akwai layi mai suna Downloads. Wannan ba ragowar manhaja ba ne, foldarka ce ta abubuwan da ka sauke, kuma na san mutane da yawa da suka mayar da ita ma'ajiyar takardunsu. Ka tabbata babu alama a kansa. Haka Recycle Bin, ka leƙa kwandon tukuna in kana shakka. Sannan ka danna Remove files.

Akwai tsohuwar hanya wadda har yanzu tana aiki, ni ma ita hannuna ya fi sabawa da ita. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cleanmgr, ka zaɓi C. Tagar farko da za ta fito ba za ta nuna tsohuwar manhaja ba, sai ka danna Clean up system files ta sake ƙirgawa da izinin mai gudanarwa. Ka sa alama a layukan da na ambata, ka danna OK. Za ta gargaɗe ka cewa ba za ka iya komawa tsohon zubi ba. Ka karanta gargaɗin da gaske kafin ka amsa.

Aikin yakan ɗauki lokaci, musamman a kan tsohon diski mai juyawa. Layin ci gaba zai iya tsayawa wuri ɗaya kamar ya maƙale, fanka tana ta kuka. Ka bar shi. Windows Update Cleanup ne ya fi jan lokaci, wani sa'in ma sai an sake kunna kwamfutar yake ƙarasawa, ka ga allo yana cewa kada a kashe. Kada ka kashe.

Me ya sa ba za a kama foldar kawai a danna Delete ba? Saboda yawancin fayilolin ciki ba mallakin asusunka ba ne, na manhajar ne, ƙarƙashin wani asusu da ake kira TrustedInstaller. Za ta yi ta tambayarka izini, ta share wasu ta bar wasu, a ƙarshe ka tashi ba wan ba ƙanin: hanyar komawa ta lalace, wurin kuma bai samu duka ba.

Wani lokaci ko bayan an bi hanyar da ta dace, Windows.old takan rage da 'yan foldoji a ciki, galibi saboda wani direba yana riƙe da fayil. Ka sake kunna kwamfutar ka maimaita sharar. In ta ƙi, ka buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta:

rd /s /q C:\Windows.old

Ka karanta abin da ka rubuta sau biyu kafin ka danna Enter. Wannan umarni ba ya tambaya, ba ya kai komai kwandon shara, kuma in ka manta ".old" ɗin nan, kan manhajar da kake aiki da ita ka nufa. In har yanzu ta ƙi, ka riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Command Prompt. A can harafin diskin yakan canja, C ya koma D, don haka ka fara rubuta dir C: ko dir D: ka ga inda foldar take. In diskinka yana kulle da BitLocker, za a nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, ka tanade shi kafin ka shiga.

WinSxS da sauran wuraren da ake ruɗuwa

Duk mai neman wuri a diski, ba daɗe ba jima zai ci karo da C:\Windows\WinSxS, ya ga girmanta ya ce ga ɓarauniyar. Kada ka share komai a cikinta da hannu, ko fayil ɗaya. Ita ce rumbun da Windows ke ajiye sassan jikinta, daga nan take gyara kanta, daga nan take cire sabuntawar da ta ba da matsala. Girman da File Explorer ke nunawa ma ya zarce gaskiya, domin fayiloli da yawa a ciki suna da suna biyu, ɗaya a nan ɗaya a System32, alhali wuri ɗaya suka ci a diski. Don ka san ainihin lamarin, ka rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore

A ƙarshen rahoton za ta gaya maka ko tana ba da shawarar a yi shara, da Yes ko No. In Yes ne, sai ka bi da:

DISM /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Wannan yana cire tsofaffin sassan da sababbi suka maye gurbinsu. Windows da kanta tana yin wannan aiki a ɓoye, sai dai takan jira kwana 30 kafin ta taɓa sashen da aka sauya, umarnin kuwa ba ya jira. Za ka ga ana ba da shawarar a ƙara /ResetBase a ƙarshensa. Yana ƙara samar da wuri, amma bayansa ba za ka iya cire ko ɗaya daga cikin sabuntawar da ke kan kwamfutar ba. A ganina bai dace da satin farko ba. Sai kwamfuta ta yi wata guda tana aiki lafiya sannan nake tunaninsa.

Wuraren komawa na System Restore su ma suna cin diski. A cikin cleanmgr, bayan ka danna Clean up system files, akwai shafin More Options, inda za ka share duka ka bar na ƙarshe. Wannan ya fi maɓallin Delete da ke cikin System Protection, wanda ke kwashe su gaba ɗaya.

Akwai kuma waɗanda suke kama da ragowa amma ba ragowa ba ne. C:\Windows\Installer na ɗaya: in ka share ta, manhajoji irin su Office za su iya ƙin sabuntuwa, su kuma ƙi cirewa. Ƙaramin yankin diski mai suna Recovery da ake gani a Disk Management, shi ke tayar da kwamfuta ranar da Windows ta ƙi tashi. Sai wata folda da babu komai a cikinta mai suna inetpub, wadda ta bayyana a C bayan sabuntawar Afrilun 2025. Mutane da yawa sun share ta suna zaton kuskure ne, sai Microsoft ta bayyana cewa da gangan aka yi ta don toshe wata kafar tsaro, a bar ta. Manhajojin da ke alkawarin wanke kwamfuta da dannawa ɗaya kuwa, ban ga abin da za su yi a wannan aiki wanda kayan cikin Windows ba su yi ba, kuma ba su san abin da ke da daraja a wurinka ba.

In Mac gare ka

Aikin bai kai haka yawa ba. Ka duba Applications ko akwai fayil da sunansa ya fara da Install macOS, wanda yakan haura gigabait 10. In an gama girki kuma ba ka da niyyar yin filash na girki da shi, ka jefa shi kwandon shara. Tun daga Catalina a 2019, wani lokaci akan ga folda mai suna Relocated Items a kan allo, ainihinta tana cikin /Users/Shared. Fayilolin da sabuwar manhajar ta kasa barinsu a wurinsu na da ne, ka buɗe ka duba kafin ka share.

Sauran wurin da ya ɓace galibi yana cikin hotunan halin diski da Time Machine, manhajar Mac mai ajiye kwafin fayiloli, ke ɗauka. A Terminal, umarnin tmutil listlocalsnapshots / zai jero su. Mac tana share su da kanta bayan kamar awa 24, ko in wuri ya yi ƙaranci, don haka haƙurin kwana ɗaya yakan wadatar.

In Linux ce

A nan ragowar iri uku ce. Ta farko kunshin da aka sauke aka riga aka girka. A Ubuntu da Debian suna taruwa a /var/cache/apt/archives, kuma sudo apt clean yana kwashe su ba tare da wata illa ba. A Arch, paccache -r yana share tsofaffi ya bar zubi uku na ƙarshe na kowane kunshi.

Ta biyu tsofaffin kanel, wato zuciyar manhajar, waɗanda ke cika yankin /boot har sabuntawa ta gaba ta kasa shiga. Ka fara rubuta uname -r ka ga wanda kake kai yanzu, ka tabbata sabon ne, ma'ana ka sake kunna kwamfutar bayan sabuntawar. Sannan ka rubuta sudo apt autoremove --purge, ka karanta jerin abin da zai cire kafin ka amsa. In ka ga sunan wata manhaja da kake amfani da ita a ciki, ka ce a'a ka bincika. Ka bar aƙalla tsohon kanel ɗaya da ka san yana aiki, domin ranar da sabon ya ƙi ganin na'urar Wi-Fi, shi za ka zaɓa a allon GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa lokacin da kwamfuta ke tashi. Fedora tana riƙe uku da kanta, ta cire mafi tsufa duk lokacin da sabo ya shigo.

Ta uku ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta: fayilolin saiti da ke cikin /etc masu wutsiya a sunansu. In ka taɓa gyara wani fayil na saiti, sabuntawa ba ta son ta taka aikinka, sai ta ajiye kwafi biyu. Wutsiyar ce ke gaya maka wanne aka ajiye a gefe. Mai .dpkg-old ko .rpmsave naka ne na da, an ɗora sabo a wurinsa, ke nan gyaran da ka yi ba ya aiki yanzu. Mai .dpkg-dist ko .rpmnew ko .pacnew kuwa sabon ne da ya zo, aka bar naka yana aiki, ke nan akwai yiwuwar wani sabon saiti, har da na tsaro, bai shiga ba. Ka nemo su da:

sudo find /etc -name "*.dpkg-*" -o -name "*.rpmnew" -o -name "*.rpmsave" -o -name "*.pacnew"

Kowanne ka samu, ka gwama shi da ɗan'uwansa ta umarnin diff, ka ɗauki layin da ya kamata ka mayar cikin fayil mai aiki, sannan ka share na gefen. Masu Arch suna da pacdiff da ke bi da su ɗaya bayan ɗaya. Girman waɗannan fayiloli bai taka kara ya karya ba, ba don neman wuri ake bin su ba. In fayil ɗin na sshd ne, wato manhajar da ke buɗe ƙofar shiga daga nesa, kuma ta nan kake shiga na'urar, ka gwada saitin da sudo sshd -t, ka bar tagar da kake ciki a buɗe, ka buɗe wata sabuwa ka tabbata tana shiga, sannan ka rufe ta farkon.